Mun San Ƙwayar Cutar, Ba Mu San Jemagen Ba

A shekarar 2010 wata mujallar kimiyya ta Amurka mai suna mBio ta buga wani rahoto da ya shigar da sunan birninmu cikin kundin masana ƙwayoyin cuta na duniya. Masu bincike daga Jami'ar Kolombiya da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, tare da takwarorinsu na Jami'ar Ahmadu Bello, sun binciki hanjin wasu jemagu da aka kama a Nijeriya a 2008. A cikin ɗaya daga cikinsu suka tarar da wata ƙwayar cuta 'yar dangin korona, mai kusanci da wadda ta haddasa annobar SARS a 2002 da 2003. Da aka zo raɗin suna sai aka kira ta ZBCoV. Harafin farkon nan, Z, Zariya yake nufi, domin a kusa da birnin aka kama jemagen.

Tun daga lokacin, duk ɗalibin da ya buɗe bishiyar dangantakar ƙwayoyin korona, a Beijin yake ko a Balin, yana iya cin karo da sunan Zariya a kan wani reshe. An karance tsarin halittar ƙwayar harafi bayan harafi, an san 'yan uwanta na kusa da na nesa, kuma har yau ba a ba da rahoton ta kama ɗan Adam ba. Ƙwayar dai ta samu gata.

To, shi jemagen fa? Ɗauki wannan tambaya ka zagaya da ita daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, ka haura Samaru ka shiga ofis-ofis: a waɗanne duwatsu yake kwana, su nawa ne, ƙaruwa suke yi ko raguwa, ina suke zuwa idan hunturu ya kankama? Za ka sha kallo kafin ka samu amsa. Mun san baƙon da ke cikin hanji, ba mu san mai gidan ba.

Abin da nake so in tsaya a kansa shi ne wannan: jahilcinmu game da inda waɗannan halittu suke zaune ba ƙaramin giɓi ba ne da za a bar wa masu sha'awar namun daji su cike shi in sun samu sarari. Shi ne lasisin da ake fasa duwatsunmu da shi. Kuma shi ne yake mayar da tsoron cuta ya zama ɓarna, ɓarnar kuma ta dawo ta ƙara haɗarin cutar.

Wane ne mai hancin ganye?

Da Bahaushe ya ce jemage, abin da ke zuwa zuciyarsa shi ne babban nan mai fuska kamar ta ɗan kwikwiyo, wanda ke reto a kan bishiya da rana, da daddare ya dira kan mangwaro da gwaiba. Wannan mai cin 'ya'yan itace ne, da ido da hanci yake neman abincinsa. Amma nau'o'in jemagu a duniya sun haura 1,400, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukkan dabbobi masu shayarwa, kuma mafi yawansu ƙanana ne masu cin ƙwari. Daga cikin waɗannan akwai dangin da masana ke kira Hipposideridae, masu zama a yankunan zafi na Afirka da Asiya har zuwa Ostireliya. A kan hancinsu akwai wata fata mai ninki-ninki, shimfiɗe kamar ganye. Ita ta sa ake ce musu masu hancin ganye.

Wannan fata ba ado ba ce, kayan aiki ce. Jemagen yana fitar da sauti ta hancinsa, ganyen ya tattara sautin ya harba shi gaba kamar yadda tocila ke tattara haske. Sautin ya bugi abin da ke gabansa ya dawo, kunnuwa su karɓa, ƙwaƙwalwa ta zana masa surar abin: bango ne, reshe ne, ko fiffiken ƙwaro ne yana kaɗawa. Wani masani ɗan Amurka, Donald Griffin, shi da abokin aikinsa Robert Galambos ne suka tabbatar da wannan dabara ta gani da amsa-kuwwa wajen 1940. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da girgizarsa ta wuce sau 20,000 a daƙiƙa guda. Ƙananan masu hancin ganye na Afirka kuwa suna kira da sautin da ya zarce sau 100,000. Za su cika ɗaki da ihu kai kana jin shiru.

Abubuwa biyu game da rayuwarsu su ne suka shafi zancenmu. Na farko, macen ɗa guda take haifa a shekara. Ɓera zai cika rumbu da 'ya'ya cikin watanni, amma garken jemagun da aka hallaka sai ya ɗauki shekaru kafin ya farfaɗo, in ma ya farfaɗo. Na biyu, ba ko'ina suke iya kwana ba. Suna buƙatar wuri mai duhu da ɗan danshi, wanda zafinsa ba ya sauyawa sosai tsakanin dare da rana: kogon dutse, kogon tsohuwar bishiya, tsohuwar rijiya, ko ɗakin da aka daina shiga. Fiffikensu gajere ne mai faɗi, ya dace da kurɗawa tsakanin rassa, bai dace da doguwar tafiya a sarari ba. Saboda haka inda makwanci ya ƙare, nan iyakar ƙasarsu take.

Taswirar jemage ko taswirar mai bincike?

Idan ka buɗe littafin dabbobi za ka ga taswirar Afirka an shafa wa wani yanki launi, an ce nan ne mazaunin nau'i kaza. Mai karatu zai zaci an bi ƙasar taki-taki an duba. Ba haka ake yi ba. Ana tattara wuraren da wani ya taɓa kama dabbar ya ajiye shaidarta, a ɗiga su a kan takarda, sannan a ja layi a zagaye ɗige-ɗigen. Inda babu ɗigo, ko dai dabbar ba ta nan, ko kuwa ba wanda ya je ya duba. Taswira ba ta bambance waɗannan biyun.

A Nijeriya an daɗe ana dogaro da manyan littattafai biyu: wanda D. R. Rosevear, tsohon shugaban ma'aikatar gandun daji ta zamanin mulkin mallaka, ya wallafa a 1965 kan jemagun Afirka ta Yamma, da wanda D. C. D. Happold, tsohon malami a Jami'ar Ibadan, ya wallafa a 1987 kan dabbobi masu shayarwa na Nijeriya. Aiki ne na gaske, ba abin rainawa ba. Amma ɗige-ɗigensu sun bi sawun jami'an gandun daji da malaman jami'a na wancan zamani, inda hanya ta kai su da inda gidan saukar baƙi yake. Ga kuma wata matsala: masu hancin ganye sun ƙware wajen kauce wa siririyar ragar da aka saba kama jemagu da ita, domin kaifin sautinsu yana nuna musu zarenta. Sai da wani tarko na daban, mai jerin tsirkiya a tsaye kamar ta molo, ake samunsu da yawa. Wanda ya kafa raga ya kwana bai kama komai ba, zai rubuta cewa babu su, alhali sun yi ta giftawa ta gefen kunnensa.

Ba zato nake yi ba, an gani a ƙasar nan. A 2016 wata masaniya 'yar Nijeriya, Iroro Tanshi, tana aiki da irin wannan tarko a Tsaunin Afi da ke Jihar Kuros Riba, ta kama wani ɗan ƙaramin mai hancin ganye mai gajeren bindi, Hipposideros curtus. Taswira ta ce a Kamaru da Ikwatoriyal Gini kaɗai yake, kuma an yi kimanin shekara 45 ba a gan shi ba. Ashe yana nan cikin kogunan Afi. Aikin da ta yi da abokanta ya ƙara nau'i goma a jerin jemagun Nijeriya, jimillar ta kai 100 a rahoton da suka buga a 2021. Waɗannan goma ba ƙaura suka yi zuwa Nijeriya a shekarar ba. Mai dubawa ne ya iso. Da ta gano su sai ta gano abin da ke barazana gare su, wato wutar sharar gona da ke kuɓucewa ta cinye dajin tsaunin, ta haɗa kai da mutanen ƙauyukan don tsare wutar. Wannan aiki ya jawo mata lambar yabo ta Whitley a 2021. Da ba a san jemagen yana can ba, da wuta ta gama da shi ba wanda ya yi ta'aziyya.

Haka zancen yake a Tsaunin Nimba, inda Gini da Laberiya da Kodebuwa suka haɗa iyaka. Akwai wani mai hancin ganye, Hipposideros lamottei, wanda a duniya duka ba a san shi a wani wuri ba sai a wannan tsauni, tsaunin da ke cike da tama da kamfanoni ke kwaɗayi. Wasu daga cikin makwantansa ma tsofaffin ramukan gwajin ma'adinai ne. Masu binciken da suka je duba lafiyarsa a 2018 sai suka ci karo da wani jemage mai launin ruwan lemo da kimiyya ba ta taɓa sani ba, aka raɗa masa suna a 2021. Dalilin da tsaunuka ke ɓoye irin waɗannan halittu a fili yake. Iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka haura, daji da danshi sukan saura a kan tsauni bayan sun ƙaurace wa ƙasan da ke kewaye, ga kuma koguna. Sai tsauni ya zama tsibiri, mazauna cikinsa su rabu da danginsu na wani tsaunin tsawon dubban shekaru.

Yanzu mu dawo ga namu jemagen. Rahoton 2010 ya kira shi Hipposideros commersoni. Masana rabe-raben dabbobi a yau sun keɓe wannan suna ga jemagen tsibirin Madagaska. 'Yan uwansa na babban yankin Afirka an ware su zuwa wasu nau'o'in, kuma a 2017 aka fitar da rukunin gaba ɗaya aka mayar masa da tsohon sunansa Macronycteris. Ka ga ke nan jemagen da ya kai sunan Zariya duniya da rigar aro ya shiga littafi. Ƙwayar da ke cikinsa ta ci sunan garinmu, shi kuwa an ba shi sunan wani da ke can tsakiyar Tekun Indiya.

Duwatsun Zazzau

Na san abin da mai karatu zai ce: Kufena ba Nimba ba ce. Gaskiya ne. Ƙasar Zazzau shimfiɗaɗɗen tudu ce, duwatsunta kuwa ɗaiɗaiku ne da suka tsiro daga cikin fili: Kufena ta wajen Wusasa, Madarkaci a cikin ganuwa, Turunku can kudu. Manyan tsaunukanmu suna Filato da Kagoro da Mambila, har zuwa Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419 a kan iyakar Kamaru. Amma a wurin halittar da ba ta iya kwana sai a kogo, ba tsayin dutse ne abin lura ba. Abin lura shi ne a duk faɗin gonakin da ke kewaye babu wani wuri mai tsaguwa da duhu da danshi sai shi. Idan iskar hunturu ta busar da komai, ko zafin bazara ya gasa ƙasa, ƙarƙashin manyan duwatsun nan ne yanayi ke zama daidai. Kowane dutse tsibiri ne, jerinsu kuma matakala ce da jemagu ke bi daga wannan zuwa wancan. Ka cire mataki ɗaya, ka raba dangi biyu.

Kakanninmu sun san darajar waɗannan duwatsu kafin mu. Masanin tarihi Abdullahi Smith ya nuna yadda manyan garuruwan ƙasar Hausa suka tsiro a gindin irinsu: Dala a Kano, Kwatarkwashi a Zamfara, Turunku da Kufena a Zazzau. Akwai ruwa a gindinsu, akwai mafaka, akwai ƙasa mai albarka. Muna alfahari da wannan tarihi a ranar bikin al'adu, mu kira sunan Bakwa Turunku da Sarauniya Amina, washegari mu aika tifa ta ɗebo tsakuwa.

Duk wanda ya bi hanyoyin da ke fita daga Zariya ya ga yadda ake yi. Akwai masu hura wuta da tsofaffin tayoyi a kan dutse har ya tsage, akwai mata da yara da ke zaune cikin rana suna farfasa shi da guduma, akwai kuma masu nakiya da manyan injuna. Ba na zargin matar da ke fasa tsakuwa don ta ciyar da 'ya'yanta, kuma ni ma a gidan da aka zuba wa kankare nake kwana. Gari mai girma dole ya ci dutse. Tambayata ita ce wane dutse, ta wane gefe, kuma wa ya duba abin da ke cikinsa kafin a sa wuta.

A cikin ganuwa ma makwantan suna ƙarewa. Sunayen unguwanni irin su Rimin Doko da Rimin Tsiwa shaida ne cewa birnin nan na manyan itatuwa ne. Tsohon rimi ko kuka mai kogo gida ne na halittu masu yawa, kuma idan ya faɗi ba a maye gurbinsa da dogon yaro ko turare. Tsofaffin soraye masu azara suna komawa bulo da kwano, ana cike rijiyoyi. Ba na cewa mutane su zauna a ɗakin da zai rufto musu don jemage ya samu wurin kwana. Ina cewa ne idan na cikin gari sun ƙare, nauyin duka ya koma kan duwatsu, su kuma ga abin da ake yi musu.

Doka ba ta yi shiru ba. Tun 1992 Nijeriya ke da dokar da ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Akwai dokar ma'adinai ta 2007, akwai kuma ƙa'idojin fasa dutse da amfani da nakiya na 2013 a ƙarƙashin hukumar NESREA. Sai dai mai rubuta rahoton muhalli da abin da ke rubuce yake aiki. Ya buɗe littafi, ya duba taswira, ya ga wurin fari fat, ya rubuta cewa babu wata halitta mai muhimmanci a nan. A sa hannu, a buga hatimi. A nan ne rashin sani yake rikiɗewa ya zama izini. Ba a karya doka ba, an dai cika ta da iska.

Masu cewa ba lokacinsa ba ne

Hujjar farko da za a kawo mini ita ce yunwa da rashin tsaro. Mutane na kwana da yunwa, 'yan bindiga sun hana noma a Giwa da Birnin Gwari, kai kana zancen jemage? Hujja ce mai nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Amma a duba abin da ƙananan jemagun nan ke ci. Manyan masu hancin ganye suna farautar manyan ƙwari irin su buzuzu, ƙananan kuwa yawancin abincinsu malam-buɗe-littafin dare ne. A 2016 tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta yi wa Jihar Kaduna ɓarnar da ta sa gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A wannan shekarar ce kuma aka fara ganin baƙuwar tsutsar nan mai cinye masara a Afirka, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen farko. Dukansu biyu 'ya'yan malam-buɗe-littafin dare ne. Uwar da dare take tashi ta zuba ƙwai, lokacin da tsuntsaye ke barci, manomi ma yana barci. Mai gadin da ke sama a wannan sa'a jemage ne.

A Amurka wani nazari da mujallar Science ta buga a 2011 ya ƙiyasta cewa jemagu masu cin ƙwari suna rage wa manoman ƙasar asarar da ba ta gaza dala biliyan 3.7 ba a shekara. Ba zan ɗauko wannan adadi in ɗora wa Zazzau ba, gonakinmu daban, jemagunmu daban. Amma a garin da ke da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a jihar da ke cikin manyan masu noman masara a ƙasar nan, abin kunya ne a ce sai mun ari lissafin Amurka. Manomin da ke sayen maganin feshi da tsada ya cancanci a gaya masa abin da mai gadin dare ke yi masa kyauta. Zancen jemage zancen tuwo ne.

Hujja ta biyu ita ce cuta: tunda suna ɗauke da ƙwayoyi, me zai hana a turnuƙe kogunan da hayaƙi a huta? An gwada. A 2007 cutar Marbug ta kama masu haƙar ma'adinai a ramin Kitaka da ke Yuganda, inda wasu jemagu masu cin 'ya'yan itace fiye da 100,000 ke zaune. Sai aka toshe ƙofofin ramin aka hallaka su. Bayan 'yan shekaru wasu suka dawo suka zauna, kuma da masana suka auna su a 2012 sai suka tarar kason masu ɗauke da ƙwayar ya ninka na da fiye da sau biyu. A shekarar ce kuma cutar ta ɓarke a garin Ibanda da ke kusa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Garken da aka tarwatsa ba ɓacewa yake yi ba, watsuwa yake yi, kuma wanda aka kora daga dutse rufin makaranta ko silin ɗin ɗaki zai nufa.

Haɗarin gaske yana wurin cuɗanya: shiga kogo ba kariya, kama jemage da hannu, fiɗarsa, barin yara su yi wasa da wanda ya faɗo. Wanda jemage ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Kuma ba yadda za a yi a raba mutane da makwantan jemagu in ba a san inda makwantan suke ba. Ko don tsoron cutar ma, taswira ce magani na farko.

A nan nake da ƙorafi kan yadda ake ba da kuɗin bincike. Tun 1956, lokacin da aka gano wata ƙwaya 'yar dangin cutar haukan kare a jikin jemage a tsibirin Legas aka sa mata sunan garin, yawancin kuɗin da ke zuwa daga waje don jemagun ƙasar nan abin da ke cikin jininsu da hanjinsu yake nema. A zo da akwatin ƙanƙara, a ɗebi samfur, a tafi. Mu a bar mu da suna: Legas, Zariya, da Lassa ta Borno wadda ɓera ya jawo wa tata tun 1969. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina sa wa sababbin cututtukan ɗan Adam sunayen garuruwa, saboda tabon da hakan ke bari. Ba na ganin laifin masu neman ƙwayoyin cuta, aikinsu suke yi kuma yana da amfani. Laifin namu ne da muka bari tambayar wasu ta zama ita kaɗai ce tambayar da ake yi a kan duwatsunmu.

Hujja ta uku ba a faɗinta a taro, amma ita ce a zuci: ƙyama. Mun taso ana ce mana jemage ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi, wai ta baki yake kashi, in ya shigo ɗaki a bi shi da tsintsiya. To, a birnin da ake karanta Tafsirin Jalalaini a kowane watan azumi, ya kamata a tuna abin da littafin ya kawo a kan aya ta 49 ta Suratu Ali Imrana: tsuntsun da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya siffanta da yumɓu ya tashi da izinin Allah, jemage ne, kuma dalilin da aka bayar shi ne cikar halittarsa a cikin masu tashi. Aya ta 38 ta Suratul An'am kuwa ta sanar da mu cewa masu tafiya a ƙasa da masu tashi da fiffike al'ummomi ne kamar mu. Malamanmu sun san wannan. Ƙyamar daga tatsuniya muka gado ta, ba daga zauren karatu ba.

Abin da ya kamata a yi

Ba abu ne mai wuya ba, shi ya sa rashin yin sa ke ba ni haushi. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa tun 1962, tana da sashen nazarin dabbobi da tsangayar likitancin dabbobi, kuma kowace shekara ɗalibai na neman batun da za su rubuta kundin digiri a kai. Na'urar naɗar sautin jemage a yau ƙarama ce, kuɗinta bai kai na babur ɗaya ba. A ajiye ta a bakin kogo da magariba, a kafa tarkon tsirkiya ƙarƙashin kulawar ƙwararre mai rigakafi da safar hannu, a auna, a ɗauki hoto, a saki. A yi haka da damina, a maimaita da hunturu da bazara. Na yarda akwai dazuzzukan da ba a iya shiga yanzu. Amma Madarkaci a cikin gari yake, Kufena kuma ana hango ta daga titi. A fara da abin da ƙafa ke iya kaiwa.

Gwamnatin Jihar Kaduna da hukumomin tarayya masu ba da izinin fasa dutse su sa sharaɗi guda: kada a karɓi rahoton muhallin da ba a kwana a wurin an duba koguna ba. Inda aka samu makwanci, a bar wannan gefen, a kuma dakatar da nakiya a lokacin da uwaye ke goyo. Masarautar Zazzau, wadda hakimanta da dagatanta suka san kowane dutse da sunansa, ita ce ta fi kowa iya cewa wannan kogo ba a sa masa wuta. Mafarauta da makiyaya da masu fasa dutsen kansu sun san ramukan da jemagu ke fita da yamma. A tambaye su, a rubuta sunan wurin da Hausa yadda suka faɗe shi, a biya su ladan aikinsu.

Sakamakon kuma kada ya tsaya a mujallar da ba mai iya sayenta a Zariya. A fassara shi, a kai shi rediyo, a manna taswirar a makarantun firamare na cikin birni, yaro ya san cewa dutsen da yake hange daga ƙofar gidansu yana da mazauna.

Wata rana, ko ba jima ko ba daɗe, wani zai sake buga rahoto da sunan Zariya da jemage a layi ɗaya. Idan ranar ta zo ba mu da taswira, tsoro ne zai yi mana jagora, za a ɗauki tayoyi da fetur a nufi duwatsu, mu maimaita kuskuren Kitaka da hannunmu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke shakkar maganata ya je gindin Madarkaci ko Kufena gab da kiran sallar magariba, ya ɗaga kai, ya ƙirga abin da ya gani yana fitowa. Sannan ya tambayi kansa ko akwai littafin da aka rubuta wannan adadi a ciki.